Yadda Mai Bi Zai Yabi Allah a Kwanakin Tsanani

A ranar Lahadin da albashi ya shigo, yara suna cikin ƙoshin lafiya, hatsi kuma ya cika rumbu, ba wanda yake bukatar a koya masa yabon Allah, domin da an buga ganga ƙafa da kanta take motsawa. Wanda nake rubuta wa wannan bayani shi ne mutumin da ya dawo daga maƙabarta jiya, da matar da ta kwana uku a bakin gadon asibiti tana kallon numfashin ɗanta, da manomin da ya bar amfaninsa a tsaye saboda hanyar gona ta zama hanyar mutuwa, da saurayin da ya yi shekara biyu yana yawo da takardun neman aiki. Irin wannan mutum ya sha jin umarnin da ke 1 Tasalonikawa 5:18 cewa a yi godiya a cikin kowane hali, ya kuma yarda cewa maganar Allah ce, amma da zarar ya buɗe baki sai ya ji maƙogwaronsa ya bushe. Abin da zan faɗa na koye shi ne a hankali, wani daga Littafi Mai Tsarki, wani daga bakin tsofaffin ikkilisiya da suka riga ni shan wuya, wani kuma a kwanakin da ni kaina na durƙusa na rasa abin cewa.

Kafin ka nemi kalmomin yabo, ka fara daidaita tunaninka a kan inda Allah yake, gama a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Idan wahala ta zo mukan ji kamar Allah ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa mai nisa, sai mu yi ta ɗaga murya domin mu dawo da shi. Isra'ilawa ma sun ɗanɗani wannan tsoro. Sun saba da cewa ɗaukakar Ubangiji tana cikin alfarwa ta sujada, daga baya kuma a cikin Haikalin da Sulemanu ya gina a Urushalima, to da sojojin Babila suka rushe Haikalin wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashi mutane zuwa bauta, sai tambayarsu ta zama yadda za su raira waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa, kamar yadda Zabura 137 ta nuna. Amsar da ta zo ta bakin annabi Ezekiyel, wanda shi ma yana cikin waɗanda aka kwashe, ita ce Allah da kansa zai zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da aka warwatsa su (Ezekiyel 11:16). A Sabon Alkawari maganar ta ƙara matsowa kusa. A daren da za a bashe shi, Yesu ya gaya wa almajiransa cewa Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki, yana tare da su, zai kuma kasance a cikinsu, ya ƙara da cewa wanda yake ƙaunarsa, shi da Uba za su zo su zauna tare da shi (Yahaya 14:17, 23). Bulus kuwa ya tunatar da Korintiyawa, mutanen da ikkilisiyarsu take cike da rigingimu, cewa jikinsu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korintiyawa 6:19). Saboda haka wanda za ka yaba yana cikin ɗakin da kake kwance, yana cikin ƙirjin da yake maka nauyi.

Wannan koyarwa ta wuce ta ajin baftisma, domin 'yan'uwanmu sun gwada ta da rayukansu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta yi sujadarta ta farko a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida a shekara ta 1923, ba bango ba rufi. A watan Oktoba na 2014, bayan sace 'yan matan Chibok da yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne, mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, majami'u masu yawa suka zama toka, jama'a suka watsu a sansanonin gudun hijira har cikin Kamaru. Duk da haka sujada ba ta tsaya ba. An yi ta a gindin bishiyoyi da cikin azuzuwan makaranta, kamar yadda aka fara tun asali. Wuta tana iya cin kwano da benci, amma ba ta kai inda Ruhu yake zaune ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin kasancewar Allah a cikinka da jin wannan kasancewa a jikinka, kuma wajibi ne ka riƙe wannan bambanci da kyau. Duk wanda ya yi rani a ƙauye ya san rafin da yake bushewa har ya zama yashi zalla, yara suna wasa a tsakiyarsa, amma mata sukan zo da ƙorai su tona yashin kamu biyu ko uku, su jira, ruwa ya taru. Ruwan yana nan tun kafin a tona, idon mai wucewa ne bai gan shi ba. Haka zuciyar mai bi take a kwanakin tsanani. Rashin jin daɗin addu'a ba shaida ba ce cewa an yashe ka, sau da yawa ma gajiyar jiki ce da rashin barci da yunwa, kamar yadda ya faru da annabi Iliya, wanda ya roƙi mutuwa a gindin wani itace a jeji, mala'ika kuma bai yi masa wa'azi ba, sai da ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu ya bar shi ya yi barci (1 Sarakuna 19). Don haka ka fara kowace addu'a da furta abin da aka alkawarta maka, ko da a cikin jimla ɗaya ce. Ni nakan ɗora hannu a ƙirji in ce, “Ya Ubangiji, kana nan a cikina, ko na ji ko ban ji ba,” in kuma maimaita shi a hankali har numfashina ya daidaita.

Bayan wannan, ka faɗa wa Allah gaskiyar halin da kake ciki, kada ka yi masa irin gaisuwar da muke yi wa juna. A al'adarmu, ko zazzaɓi yana kaɗa mutum, in an ce masa “Ina kwana?” zai ce “Lafiya lau,” in an ce “Ina gajiya?” ya ce “Ba gajiya,” in an tambayi gida ya ce “Sai godiya.” Wannan ladabi ne mai kyau tsakanin mutane, kuma ba na son mu rabu da shi, amma idan ka ɗauke shi ka shiga da shi gaban wanda yake zaune a cikinka, wanda ya riga ya san abin da ke ranka, ka hana kanka magani ne kawai. Cikin Zabura 150 da muke da su, masana sukan ƙirga kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin waƙoƙin kuka. Zabura 13 ayoyi shida ce kacal, amma sau huɗu mai waƙar yake tambaya har yaushe, sai a ayoyi biyu na ƙarshe ya juya ya ce zai raira waƙa ga Ubangiji. Zabura 88 ma ba ta juya ba sam, ta ƙare ne da duhu, kuma Ruhun Allah bai ga ya kamata a cire ta daga Littafi ba. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a kan gicciye kuma ya yi kuka da kalmomin farko na Zabura 22. To ka ambaci abin da sunansa: sunan wanda ya rasu, adadin bashin, abin da likita ya faɗa, fushin da kake ji, har da fushin da kake ji da Allah in akwai shi. A ganina yabon da ya tsallake wannan mataki ba ya daɗewa, domin an gina shi ne a kan ramin da aka rufe da ciyawa.

Idan ka gama zubar da abin da ke cikinka, kada ka tsaya jiran sababbin kalmomi su zo maka, ka ari na waɗanda suka riga ka. Buɗe Zabura ka karanta da murya, ba a zuci kawai ba, domin kunnenka ma yana bukatar ya ji. Zabura 42 ta dace da wanda aka raba da gidansa da majami'arsa, Zabura 34 ta dace da mai karyayyar zuciya, 46 ta dace da lokacin tarzoma, 121 kuma da mai tafiya a hanyar da ba ta da tsaro. Amma wurin da na fi komawa shi ne ƙarshen littafin Habakuk (3:17-19), inda annabin ya jera asarar manomi ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi 'ya'ya ba, zaitun ya gaza, gonaki ba su ba da abinci ba, tumaki sun ƙare a garke, shanu babu a turke, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Ga yadda za ka yi amfani da wannan wuri: ɗauki takarda ka sake rubuta shi da kayan gidanka. Inda ya ce ɓaure ka sa gero ko masara, inda ya ce tumaki ka sa awakin da aka kora ko shagon da ya ƙone, ka jera su duka ba tare da ka rage ko ɗaya ba, sa'an nan a ƙasa ka rubuta “duk da haka” ka ɗora abin da annabin ya ɗora. Ranar farko wataƙila hannunka ne kawai zai rubuta, zuciyarka tana gefe tana kallo. Kada wannan ya sa ka ɗauki kanka munafuki, gama Ibraniyawa 13:15 ta kira yabo hadaya, hadaya kuwa abu ne da mai bayarwa yake jin fitarsa.

Yana da amfani a nan ka rarrabe godiya da yabo, ko da yake 'yan'uwan juna ne. Godiya tana duban abin da Allah ya yi maka, kuma akwai ranakun da idonka ba zai iya hango ko ɗaya ba. Yabo kuwa yana duban yadda Allah yake, abin da asararka ba ta taɓa ba. A irin waɗannan ranaku ka zaɓi halayensa biyu ko uku ka tsaya a kansu: shi mai aminci ne, shi mai jinƙai ne, shi ne wanda ya ta da Yesu daga matattu. Marubucin Makoki yana zaune ne a cikin kangon Urushalima sa'ad da ya ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya (3:22-23), kuma babu abin da ya canja a birnin tsakanin ayar da ta gabata da wannan.

Sa'an nan ka raira waƙa, ko da baiti ɗaya ne, ko da muryarka tana rawa. A Filibi an tuɓe Bulus da Sila, aka yi musu dūka da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu, amma wajen tsakar dare suna addu'a suna waƙoƙin yabon Allah, sauran 'yan sarƙa kuma suna saurara (Ayyukan Manzanni 16:25). Ba su da fitila ko littafi a wannan ɗaki, abin da ke cikin kansu ne suka raira. Yesu ma, bayan jibin ƙarshe, sai da suka yi waƙa shi da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, yana sane da abin da ke jiransa (Matiyu 26:30). Darasin da ke nan ga wanda yake cikin sauƙi yau shi ne ba a fafe gora ranar tafiya: ka haddace waƙoƙi uku ko huɗu daga littafin waƙoƙin ikkilisiyarku tun daga baitin farko har na ƙarshe, da Zabura biyu ko uku, ka kuma koya wa yaranka. Na lura cewa iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi mu maza shiri a wannan fanni. Waƙoƙin da suke yi da tulu da caki kowane mako sun zauna musu a ka, shi ya sa a gidan makoki, sa'ad da maza suka yi jugum a waje, daga cikin gida ake fara jin wata murya ta ɗauko waƙa a hankali, saura su amsa.

Akwai wani kuskure da nake so ka guje masa da dukan ƙarfinka, wato mai da yabo ciniki. Mun san maroƙi a ƙofar mai sarauta ko a gidan biki: yana zuba kirari yana duban aljihu, in an ba shi ya ƙara, in an hana shi kirarin ya koma zambo. Wasu masu wa'azi suna koyar da yabo a kan wannan tsari, suna cewa ka yi rawa ka yi ihu ƙofofin kurkuku za su buɗe kamar yadda suka buɗe wa Bulus. Gaskiya ne an yi girgizar ƙasa a Filibi, amma a littafin nan guda na Ayyukan Manzanni, sura ta 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi, kuma ba a ce Bitrus ya fi Yakubu yabo ba. Bulus ɗin nan ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18). Wanda aka koya wa yabon ciniki, ranar da ya yi rawa mara lafiyarsa kuma ya rasu, asara biyu yake yi, ta mamacin da ta bangaskiyarsa, kuma na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya. Ka roƙi kuɓuta da gaba gaɗi, wannan hakkinka ne na ɗa a gidan Ubansa, amma kada ka rataya yabonka a wuyan amsar.

Za a yi ranakun da duk abin da na lissafa zai gagare ka, ba karatu, ba waƙa, ba ko jimla ɗaya. A irin wannan rana ka zauna shiru a gabansa na ɗan lokaci, ka bar hawaye su yi aikinsu. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu kansa yana yi mana roƙo da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki. A nan ne zaman Allah a cikinka yake nuna amfaninsa mafi girma, domin addu'a tana tashi daga ƙirjinka ko da harshenka ya kwanta. Kada kuma ka ƙaurace wa taron masu bi don kunyar a ga idonka ya kumbura. Je ka zauna a bencin baya, ka bar ikkilisiya ta raira a madadinka, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka nemi mutum ɗaya, fasto ko dattijo ko wata uwa a cikin zumunta, wanda bakinsa yake da murfi, ka gaya masa abin da ka gaya wa Allah. Idan baƙin cikin ya kai ga ka daina ci da barci na makonni, ko tunanin hallaka kanka ya fara zuwa maka, ka faɗa wa wani a ranar, ku je asibiti tare. Luka abokin tafiyar Bulus likita ne, kuma Bulus bai ɓoye wannan ba.

Ga wanda kuma zai je ta'aziyya ko dubiya, ina roƙonka kada ka mai da wannan bayani sandar dukan mai makoki. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai raira wa mai baƙin ciki waƙoƙi da wanda ya tuɓe wa mutum riga a ranar sanyi. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, ɓarnarsu ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa. Ka kai abinci, ka ɗebo ruwa, ka ce “Sannu, Baba, Ubangiji ya ta'azantar da ku,” ko “Mama, muna tare da ku,” ka zauna. In mai gidan ya ɗauko waƙa ka amsa masa, in bai ɗauko ba ka riƙe taka.

A aikace, duk wannan ba ya bukatar fiye da minti 15 zuwa 20, kuma gara kaɗan kowace rana da a yi kwanan addu'a sau ɗaya a watse. Zaɓi lokaci guda ka tsare shi. Asuba ta fi dacewa da yawancin mutane, kafin yara su tashi, amma wanda barci yake ƙaurace wa da ƙarfe biyu na dare yana iya mai da wannan sa'a ta zama tasa, tun da Bulus da Sila ma cikin dare suka yi tasu waƙar. Ajiye waya a wani ɗaki, shimfiɗa tabarma, furta cewa yana cikinka, faɗa masa gaskiya, karanta Zabura ɗaya da murya, ambaci halayensa, raira baiti ɗaya. Ka ajiye ƙaramin littafi inda za ka rubuta kwanan wata da layi ɗaya a kan abin da ya riƙe ka a ranar, ko da kwanon tuwon da maƙwabciya ta aiko ne, domin bayan wata uku za ka bukaci karanta shi. Ka tuna kuma cewa da gari ya waye a Filibi, Bulus da ya kwana yana waƙa bai yarda a sallame su a ɓoye ba, ya ce an dūke su a fili ba tare da shari'a ba alhali su Romawa ne, sai mahukunta su zo da kansu su fitar da su, suka kuwa zo. Saboda haka in ka ce amin, naɗe tabarmarka, sha maganin da aka rubuta maka, ɗauki takardunka ka tafi ofishin da ake riƙe da hakkinka, ko ka saɓi fartanya ka nufi abin da ya rage na gonar.